Tsakanin Hunturu Da Bazara: Abin Da Hamada Ke Aiko Mana

Duk wanda ya yi zama a Kano, ko Jos, ko Maiduguri, ko Damagaram, ya san irin safiyar nan ta ƙarshen watan Fabrairu. An riga an naɗe barguna an sa cikin akwati, tsofaffi sun daina hura wutar jin ɗumi, yara sun fara kwana ba riga, kowa yana cewa ai ɗari ya yi sallama. Sai a wayi gari rana ɗaya a ga sama ta yi fari fat, rana ta fito kamar farin wata, har mutum ya iya zuba mata ido ba ta kashe masa gani ba. Uwargida ta share ɗaki da sassafe, kafin azahar ƙura ta sake kwanta a kan tebur da kwanuka. Sai ka ji mutane suna tambayar juna, "Ashe hunturun bai tafi ba?"

Bayan kwana uku ko huɗu kuma hazon ya washe, zafi ya sauko da ƙarfinsa, har dare ma ba a samun barci. Wannan kai da komowa tsakanin sanyi da zafi shi ne halin makonnin da ke tsakanin tsakiyar Fabrairu da ƙarshen Maris. Mutane da yawa suna ɗaukarsa abin mita kawai. Amma cikin waɗannan makonni ne ciwon sanƙarau ke yin ƙarfi, gobara ke yawaita, alkama kuma ke yin ido ko ta lalace. Domin haka ya kamata mai karatu ya san inda wannan yanayi ke fitowa. Tushensa yana can cikin hamadar Sahara, fiye da kilomita 1,000 daga ƙofar gidajenmu.

Ɗari a ƙasar yashi

Yawancinmu in an ce hamada, zafi ne kaɗai ke zuwa mana a rai. Abzinawa da Tubawa da ke zaune a can sun san ba haka ba ne. Daga Disamba zuwa Fabrairu dare a Sahara yana da sanyi mai ratsa ƙashi. Dalili kuwa shi ne babu gajimare, babu laima cikin iska. Gajimare da laima su ne bargon ƙasa. Inda babu su, zafin da yashi ya sha da rana yakan tsere sama da zarar rana ta faɗi. A kan duwatsun Abzin a Nijar da na Tibesti a Chadi, ruwan da aka bari a waje yakan wayi gari a daskare. Dutsen Emi Kusi na Tibesti, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Sahara, ya kai mita 3,415.

A bakin hamada ta arewa har ƙanƙara mai laushi takan sauko. Ran 18 ga Fabrairu 1979 ta sauka a garin Ain Sefra na ƙasar Aljeriya, ta rufe tuddan jan yashi na ɗan lokaci kafin ta narke. An sake ganin haka a garin a Disamba 2016 da Janairu 2018.

Saboda haka ne ayarin raƙuman da ke ɗauko gishiri daga Fachi da Bilma suke ratsa Tenere cikin watannin sanyi. Madugu ya san raƙumi zai jure sanyin dare, amma in zafin Afrilu ya riske shi a tsakiyar yashi, ruwan salka ba zai kai shi rijiya ta gaba ba. Kantun gishirin da ake sayarwa a kasuwanninmu ta wannan hanya ya saba zuwa tun zamanin kakanni.

Iska mai sanyi tana da nauyi. Cikin watannin nan takan taru ta danne arewacin Sahara, musamman kan ƙasar Libiya, daga nan ta malalo kudu maso yamma kamar ruwan da ke gangarowa daga tudu. Ita ce iskar da muke kira hunturu. A kudu kuwa akwai wata iska mai laima da ke tasowa daga Tekun Atlantika. Inda su biyun suka haɗu akwai iyaka wadda masu binciken yanayi suke bi kullum a kan taswira. A Janairu iyakar tana can kusa da bakin teku, wajen Legas da Ankara ta Gana. Daga nan takan yi ta hawowa arewa sannu sannu har ta kai cikin hamada a watan Agusta. Duk garin da ke arewa da iyakar nan yana cikin rani. In ta wuce shi da nisa, damina ta zo.

Kwarin Bodele

In aka tambaya ina ne ƙurar hunturu ke tashi, amsa mafi girma ita ce kwarin Bodele a arewacin Chadi, kusa da garin Faya Larjo. Nan ne wuri mafi zurfi a duk ƙasar Chadi, kimanin mita 155 bisa teku. Masana sun shaida babu wani wuri guda a duniya da ya kai shi tayar da ƙura. Wajen kwana 100 cikin shekara ƙura tana tashi a can, mafi yawa cikin watannin hunturu.

Abu biyu ne suka haɗu a Bodele. Na fari shi ne ƙasar wurin. Kimanin shekara 7,000 da suka wuce, Tafkin Chadi wani makeken ruwa ne wanda faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 360,000, watau fiye da kashi ɗaya cikin uku na ƙasar Nijeriya. Bodele shi ne zurfinsa. Cikin ruwan nan akwai waɗansu ƙananan tsire-tsire da ido ba ya gani, masu ɓawo kamar gilashi. Da suka yi ta mutuwa shekara da shekaru, ɓawonsu ya taru a ƙasan tafkin. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mara nauyi, wadda in ka murza ta da yatsa takan zama gari kamar alli. Har yau ana tsintar ƙasusuwan kifi a wurin. Wannan ne ya sa hazon hunturu yake fari. Abin da uwargida ke gogewa daga kan tebur, wani sashensa ƙasan tsohon tafki ne.

Na biyu shi ne duwatsu. Tibesti yana arewa maso yamma, tuddan Enedi suna kudu maso gabas, tsakaninsu akwai rata. Iskar da ta taso daga Libiya dole ta matse ta bi ta ratar nan. Kowa ya san yadda iska ke ƙara ƙarfi cikin lungu tsakanin gidaje biyu. Haka take yi a nan, ta fito da gudu ta faɗa kan farar ƙasar Bodele.

A watannin Fabrairu da Maris 2005 wata ƙungiyar masana daga Ingila, cikinsu har da Richard Washington na Jami'ar Okasfod da Martin Todd, suka kafa sansani a wani wuri da ake kira Chicha a bakin kwarin domin su auna abin da idonsu. Sun tabbatar cewa da dare iskar tana gudu a sama, ƙasa kuwa tana kwance shiru. In rana ta fito ta ɗumama ƙasa, sai iskar sama da ta ƙasa su gauraya, ƙarfin nan ya sauko. Shi ya sa ƙura ta fi tashi da hantsi. Da zarar gudun iska ya kai wajen kilomita 36 a awa, sai farar ƙasa ta tashi ta rufe sama. Cikin kwana ɗaya ko biyu ta iso Maiduguri da Kano.

Me ya sa hazo ke komowa?

Yanzu sai mu koma ga tambayar farko. Daga Fabrairu rana tana komowa arewa. Wajen 21 ga Maris tana tsaye daidai kan tsakiyar duniya, ƙarshen Afrilu kuma tana bisa kan Kano. Yashi yana saurin ɗaukar zafi, saboda haka kudancin hamada ya fara ƙuna. Amma a Turai da Bahar Rum sanyi bai ƙare ba tukuna. Lokaci lokaci wani tulin iska mai sanyi yakan ƙetare Bahar Rum ya faɗo Aljeriya da Libiya da Masar. In ya tarar da ƙasa mai zafi a gabansa sai ya ruga kudu da ƙarfi, ya kwashi ƙura a hanya. Bambancin zafi da sanyi ya fi girma a wannan lokaci, shi ya sa hazon ƙarshen hunturu wani lokaci yakan fi na Disamba kauri.

Sanyin da muke ji a kwanakin nan kuwa ta hanya biyu yake zuwa. Ita kanta iskar daga wuri mai sanyi ta fito. Ƙurar kuma ta tare hasken rana, ta zama kamar rumfa bisa ƙasa. In iskar ta lafa, ƙura ta kwanta, sai rana ta sami hanya, zafi ya dawo fiye da dā.

An ga misalin wannan a farkon Maris 2004, sa'ad da hotunan tauraron ɗan'adam suka nuna bangon ƙura mai tsawon dubban kilomita yana ratsa Sahara, har ya kai bakin tekun Afirka ta Yamma. A tsakiyar Maris 2010 kuma hazo mai kauri ya rufe Nijeriya tun daga arewa har Legas bayan kowa ya ɗauka hunturu ya wuce. Aka soke tashin jirage, jita-jita ta bazu ta wayar hannu cewa wai ruwan guba zai sauko. Ba wani ruwan guba da ya sauko. Ƙurar hamada ce ta zo a makare.

Maƙwabtanmu na arewacin hamada suna ganin ɗaya fuskar al'amarin. A ƙarshen sanyi waɗansu guguwoyi sukan taso kusa da duwatsun Atlas su bi bakin Bahar Rum zuwa gabas. A gabansu suna jawo iska mai zafi da yashi daga cikin hamada zuwa arewa. Mutanen Libiya suna kiranta gibli. A Masar sunanta hamsin, daga kalmar Larabci ta hamsin ɗin da muka sani, gama ana lissafa mata kwana 50 tsakanin Maris da Mayu. A bayan guguwar kuma iska mai sanyi ke gangarowa wajenmu. Watau abin da ya kai wa Alkahira zafi, shi ne ya kawo wa Kano hazo.

Ƙurar takan yi nisa fiye da haka. Ran 22 da 23 ga Fabrairu 2020 ta sa aka rufe filayen jiragen sama na tsibiran Kanari. Cikin watan nan kuma jirage da dama da suka nufo Legas daga ƙasashen waje suka sauka a Ankara domin hazo. A Fabrairu 2021 ƙurar Sahara ta rina ƙanƙarar duwatsun Faransa da Suwizalan ta zama ruwan goro, a tsakiyar Maris 2022 kuma sararin ƙasar Sifen ya yi ja wur.

Amfanin da ke cikin ƙura

Kada mu yi wa hunturu rashin adalci. Ƙurar nan tana ɗauke da abincin ƙasa. Masu binciken ƙasar noma sun nuna cewa lallausar ƙasar filayen Kano, wani sashenta ƙura ce da iska ta yi ta ajiyewa tun dubban shekaru. Kowace shekara hamada tana ƙara wa gonakinmu ɗan taki ba tare da an biya ko kwabo ba.

Har hayin teku ma ana cin moriyarta. A 2015 masanan hukumar NASA ta Amurka, ƙarƙashin Hongbin Yu, suka ba da sakamakon awon da tauraron ɗan'adam ya yi daga 2007 zuwa 2013. Sun ce kimanin tan miliyan 182 na ƙura ke barin yammacin Sahara kowace shekara, wajen tan miliyan 27.7 kuma suna sauka a kurmin Amazon na Amurka ta Kudu. Cikin ƙurar akwai kimanin tan 22,000 na sinadarin fosforas, irin wanda manomi ke saye cikin buhun takin zamani. Ruwan sama yana wanke wannan sinadari daga ƙasar kurmin, ƙurar Afirka tana mayar masa. A ƙarshen hunturu ne iskar ta fi miƙewa zuwa can.

Mai noman rani shi ma ya san darajar sanyin. Alkamar Kadawa da ta kwarin Haɗeja tana bukatar dare mai sanyi domin ta yi ido. Wanda ya shuka daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, alkamarsa takan cika kafin zafi ya sauko. Wanda ya makara har Janairu, zafin Maris yakan riski zangarniya tana ɗanya, ƙwayar ta motse, awo ya ragu. Makiyayi kuma yana duban gawo, itacen da ke yin ganye da rani ya kaɗe da damina, gama 'ya'yansa suna zubowa a daidai lokacin da ciyawa ta ƙare.

Lokacin sanƙarau

Ga inda maganar ta fi nauyi. A Fabrairu da Maris laimar iska a arewacin Nijeriya da Nijar takan sauka ƙasa da kashi 15 cikin 100 da rana. Leɓe ya tsage, ƙafa ta yi faso, yara su yi ta haɓo. Yadda fatar waje ke tsagewa, haka cikin hanci da maƙogwaro ke bushewa su ƙuje, ƙura kuma tana ƙara musu rauni. Mutane da yawa suna ɗauke da ƙwayar cutar sanƙarau a maƙogwaronsu ba tare da ta yi musu kome ba. Amma Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. In maƙogwaro ya raunana, ƙwayar takan shiga jini, ta kai ga mayafin da ke rufe ƙwaƙwalwa da laka.

A 1963 wani likitan Faransa mai suna Leon Lapeyssonnie ya zana yankin da wannan annoba ke yawan aukuwa. Yau ana lissafa ƙasashe 26 a cikinsa, daga Senegal har Habasha, mu kuma muna tsakiya. Tsarin cutar kusan ɗaya ne kowace shekara: ta fara da shigowar hunturu, ta yi tsanani a Maris da Afrilu, ta ja da baya da zarar ruwa ya sauka.

Waɗanda suka yi wayo a 1996 ba za su manta ba. A shekarar nan mutum fiye da 100,000 suka kamu a Nijeriya, fiye da 11,000 suka rasu. In aka haɗa 1996 da 1997, a duk yankin mutum fiye da 250,000 suka kamu, wajen 25,000 suka rasu. Akwai kuma waɗanda suka tashi amma kunne ya tafi har abada.

An sami sauƙi daga baya. A Disamba 2010 aka fara allurar rigakafi ta MenAfriVac a Burkina Faso da Mali da Nijar, Nijeriya ta bi a 2011, irin ƙwayar da ake kira A, wadda ta yi ɓarnar 1996, ta kusan ɓacewa. Amma ƙwayar iri iri ce. Irin da ake kira C ta ɓulla da ƙarfi a Nijar a 2015, a 2017 kuma ta kashe mutum fiye da 1,000 a Nijeriya, musamman a Zamfara da Sakkwato da Katsina. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta fari a duniya da ta fara amfani da sabuwar allura mai suna Men5CV, wadda ke tsare mutum daga iri biyar a lokaci ɗaya.

Ga alamun da kowane mahaifi ya kamata ya riƙe: zazzaɓi mai zuwa farat ɗaya, ciwon kai mai tsanani, wuya ya sandare, amai, ƙin haske, da ruɗewa. Ga jariri kuwa, a duba ko maɗigarsa ta kumbura, ko ya ƙi nono, ko yana kuka ba ƙaƙƙautawa. Cutar tana iya kisa cikin kwana ɗaya, in ba a yi magani ba kuwa tana iya ɗaukar rabin waɗanda suka kamu. Kada a tsaya jiƙe-jiƙe ko sayen ƙwaya a shago. A kai asibiti nan take, ko da tsakar dare ne.

Abin da ya rage gare mu

Ba mai ikon tsayar da iskar Bodele, amma akwai abin da ke hannunmu. Cutar tana bin numfashi da tari, ta fi yaɗuwa inda mutane suka cunkushe cikin ɗaki a rufe. Watannin rani kuwa su ne lokacin manyan tarurrukanmu, inda ɗaruruwan mata ko matasa ke kwana cikin aji ɗaya. Masu shirya taro da shugabannin makarantun kwana su rage cunkoso, su bar tagogi a buɗe. In ma'aikatan lafiya sun zo da allura, a yi sanarwa cikin majami'a, a fito da yara duka. A ranar hazo mai kauri, masu asma da tsofaffi su zauna a gida ko su rufe hanci da ƙyalle. A sha ruwa da yawa, a shafa man kaɗe, a yayyafa ruwa kafin shara.

A kula da wuta kuma. A wannan lokaci jinka da zana da karan rumbu sun bushe ƙayau, iska tana kaɗawa da hantsi, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye unguwa. A kashe garwashin jin ɗumi kafin a kwanta, masu ƙona daji domin farautar gafiya kuma su tuna da rumbun maƙwabci.

Manomi shi ma kada ruwan fari ya ruɗe shi. Wani lokaci cikin Maris ko farkon Afrilu iskar teku takan leƙo arewa ta zubar da yayyafi, sa'an nan ta koma. Wanda ya zuba irinsa duka a kan wannan ruwa yakan yi shuka biyu. Hukumar kula da yanayi ta Nijeriya, NiMet, tana fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, cibiyar AGRHYMET da ke Yamai kuma tana yin irin wannan aiki domin ƙasashen Sahel. A saurari rediyo, a tambayi malamin gona.

Bayan hazon ƙarshe sai bazara. A Kano da Sakkwato ma'aunin zafi yakan kai digiri 40 ko fiye, a garin Kayes na Mali ya kai 48.5 ran 3 ga Afrilu 2024. Alamar sauƙi ita ce juyawar iska. Ranar da ka ji ta daina busowa daga gabas maso arewa ta koma tana zuwa daga kudu, jiki ya fara gumi mai danƙo, shamuwa kuma ta sauka a kan itatuwan gari, to, iyakar nan ta iska biyu ta wuce kanmu, ruwa yana tafe. Kafin wannan rana, a ci gaba da lura da yara, a kuma ajiye iri cikin rumbu.